Takardun hukuncin kisa: ƙasa-ƙasa za a kasa su, ko bisa hanyar kisan?

Wata ɗaliba mai karatun shari'a a jami'ar Tawa ta aiko mini da tambaya. Ita da abokan karatunta sun tara takardu masu yawa a kan hukuncin kisa: guntayen jaridu, kwafin dokoki, rahotannin ƙungiyoyi, hukunce-hukuncen kotu, wasu cikin kwali wasu cikin kwamfuta. Da aka zo shirya su sai kai ya rabu. Wasu suka ce a kasa su ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce a bi hanyar kisan, rataya gefe, harbi gefe. Wani ya ce a gama biyun, a yi "rataya a Najeriya", "harbi a Nijar", haka har ƙarshe. Tana so ta san wanne ne daidai.

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin adana takardu a nan Yamai, kuma zan faɗa miki abin da zan yi da ni aka ɗora wa wannan kaya. Hukumar da ta yanke hukuncin ita ce uwar rabo. Hanyar kisan alama ce da za ki manna wa takarda bayan ta samu mazauninta. Kada ki gina wa hanyar kisa ɗaki tun farko.

Dalili na farko daga sana'armu yake. Akwai ƙa'idar da masu adana takardu a Faransa suka kafa tun 1841, kuma a kanta muka yi karatu: takarda tana zama tare da ƴan'uwanta da suka fito hannu ɗaya. Hukuncin kisa kuwa kullum da hannun da ya fito. Akwai dokar da ta halatta shi, da kotun da ta yanke, da kotun da ake ɗaukaka ƙara gabanta, da mutum ɗaya a can sama da ke da ikon yin afuwa ko sa hannu. Duk waɗannan na hukuma ɗaya ne. Japan tana rataye mutane, Iran ma tana ratayewa, amma in kika zuba takardunsu cikin kwali ɗaya babu abin da ya haɗa su sai igiya. Laifuffukan ba ɗaya ba, kotunan ba ɗaya ba, yawan waɗanda ake kashewa ko kusa. Ke ƴar Adar ce, kin san in raƙumi ya ɓata a kasuwa ba launinsa ake fara dubawa ba, shaidar mai shi da ke jikinsa ake nema. Launi yana taimakawa, amma daga baya.

Dalili na biyu, ki tuna da wanda zai zo nema. Mai zuwa wurinku zai ce, "Yaushe rabon da a kashe wani da hukuncin kotu a Nijar?" ko "Me dokar Cadi ta ce yanzu?" Da wuya ki ga wanda ya shigo yana cewa a ba shi duk abin da ya shafi harbi a duniya. Tsarin da ya sa mai tambayar yau da kullum ya buɗe kwali biyar kafin ya samu amsa ɗaya, tsarin bai yi ba.

Shawarar abokinku ta gama biyun tana da daɗin ji, shi ya sa nake so ki ɗauki alƙalami. Ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya 193 ne. Ki ce hanyoyin kisa takwas kawai za ku ƙidaya. Kun samu gurbi 1,544. Alhali a rahoton ƙungiyar Amnesty na shekarar 2024, ƙasashe 15 ne aka tabbatar sun zartar da kisa, ta hanyoyi biyar: rataya, harbi, fille kai, allura, da iskar naitirojin. Ke nan kusan duk guraben nan wofi za su zauna, waɗanda suka samu wani abu kuma takarda ɗaya ko biyu ce. Gurbi na wofi yana da illar da ba a lura da ita: wanda ya ga an rubuta "rataya a Nijar" a jikin kwali zai ɗauka ana rataye mutane a nan, ko da bai buɗe ba. Dokarmu ta hukunta laifuffuka harbi ta ce.

To amma kalmar "ƙasa" ita kanta tana da santsi, shi ya sa na ce miki hukuma. A nan ne aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Ki dubi Najeriya. Suna ɗaya ne a taswira, amma ba doka ɗaya ke aiki ba. Kudu na da kundin laifuffukanta, Arewa na da nata, akwai dokokin tarayya, sannan daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu, Zamfara a gaba, suka shigo da kundin shari'ar Musulunci. Galibi gwamnan jiha ne ke sa hannu kafin a kashe mutum. Saboda haka mutum uku da aka kashe a Benin Siti cikin Disamba 2016 na jihar Edo ne, can za ki sa su, ƙarƙashin Najeriya. Amurka ta fi haka tsanani. Mishigan ta soke hukuncin kisa kan laifin kisan kai tun wajen tsakiyar ƙarni na 19, Tekzas kuwa ita ta fara kashe mutum da allura a 1982, Alabama ta fara da naitirojin a Janairu 2024, ga kuma gwamnatin tarayya da tata doka daban. Kwalin da aka rubuta wa "Amurka" kawai bai gaya wa kowa komai ba. Sin ita ce ake kyautata zaton ta fi kowace ƙasa zartar da kisa, amma Hong Kong da ke ƙarƙashinta ta soke hukuncin tun 1993. Don haka a irin waɗannan ƙasashe ki sauka mataki ɗaya, ƙasa sannan jiha. A Nijar ba kya buƙatar wannan, doka ɗaya ce daga Tilaberi har Bilma.

Sai zamanin Nasara, wanda ya fi ba ni wahala a duk aikina. A watan Yuni 1956 aka fille kan Ahmed Zabana, ɗan gwagwarmayar ƴancin Aljeriya, da na'urar gilotin a gidan kason Barbarus da ke birnin Aljas. Ƙasar da jininsa ya zuba Aljeriya ce. Kotun da ta yanke, da dokar, da na'urar, duk na Faransa ne, Aljeriya ba ta samu ƴanci ba sai 1962. In kika sa shi ƙarƙashin Aljeriya kin ɗora wa mutanensa laifin da a kansu aka yi shi. In kika sa shi ƙarƙashin Faransa kawai, ɗan Aljeriya da ya zo neman gwarzonsa ba zai same shi ba. Ga wanda ya fi kusa da mu. Malam Shu'aibu da ake kira Ɗan Makaho daga wannan gefen ya fito, daga yankin Doso, bayan boren da aka yi wa Faransawa a Kobkitanda. Ya tsallaka ya shiga boren Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, aka kama shi, aka yi masa shari'a a Sakkwato aka kashe shi, lokacin ƙasar tana hannun Ingilishi. Mutumin namu ne, garin na Najeriyar yau ne, sarautar ta Sarkin Musulmi ce, ƙarfin kuma na Ingila. Wace ƙasa za ki rubuta?

Abin da nake yi shi ne in buɗe wa hukumar wancan zamani gurbinta da sunanta da shekarunta: "Aljeriya ƙarƙashin Faransa, 1830 zuwa 1962", "Arewacin Najeriya ƙarƙashin Ingila", "Nijar kafin 3 ga Agusta 1960". Sai in ajiye gurbin a cikin ƙasar yau da wurin yake, in kuma saka ɗan kati a kwalin mai mulkin wancan lokaci yana cewa a duba can. Takarda gida ɗaya gare ta, amma hanyoyin zuwa gidan ba a ƙayyade ba. A kwamfuta wannan ba ya cin komai. A kwali ma kati ɗaya ne.

Baƙo da aka kashe a ƙasar wasu, shi ma haka. Ɗan Nijar da kotun Saudiyya ta yanke wa hukunci, takardarsa ta Saudiyya ce, ƙasarsa ta haihuwa alama ce a jikin kati.

Yanzu lokaci. Kun san rabon nan na gida huɗu da ake yawan amfani da shi: waɗanda suka soke ga kowane laifi, waɗanda suka soke ga laifuffukan yau da kullum suka bar na soja ko na yaƙi, waɗanda doka tana nan amma sun yi aƙalla shekara goma ba su kashe kowa ba kuma ba su da niyya, da waɗanda ke zartarwa. Rabo ne mai amfani, kuma Nijar a gida na uku take. Rabon da a zartar a nan tun 1976, lokacin da aka harbe Kwamanda Bayere Musa da wasu bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris a kan Seyni Kunce. A ƙarshen 2010, zamanin riƙon ƙwaryar Salu Jibo, an kai ƙudurin sokewa gaban majalisar tuntuɓa ta ƙasa, ta ƙi amincewa. Har yau kotuna na iya yanke hukuncin. Mali ma tun 1980 ba ta zartar ba, Aljeriya tun 1993.

Amma ina roƙonki kada ki mai da waɗannan gidaje huɗu kwalaye, domin ƙasashe ba sa zama wuri ɗaya. Cadi ta harbe ƴan Boko Haram goma a watan Agusta 2015, sannan a 2020 ta soke hukuncin gaba ɗaya. Gambiya ta soke a 1993, Yahya Jamme ya maido da shi a 1995, ya kashe mutum tara a 2012, Adama Baro ya dakatar a 2018. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta ɗage dakatarwarta a Maris 2024. In matsayi ne kwalinki, duk sanda wata majalisa ta zauna sai kin kwashe takardu kin sauya musu wuri, kuma tarihin da kike son adanawa shi ne zai ɓace. Ki sa takarda ɗaya a bakin kowane kwalin ƙasa, ki jera shekarun: yaushe aka kafa, yaushe aka zartar na ƙarshe, yaushe aka dakatar, yaushe aka soke. In abu ya sauya ki ƙara layi, kada ki goge na sama.

Abin da ya fi damuna a duk wannan batu shi ne bambanci tsakanin abubuwa uku da mutane ke gwamutsawa: abin da doka ta rubuta, abin da alƙali ya yanke, da abin da aka aikata. Tsarin da ya sa hanyar kisa a gaba yana share wannan bambanci ba tare da kowa ya nufa ba. Ɗauki jifa a Najeriya. Yana cikin kundin jihohin shari'a. An yanke shi a kan Safiya Husaini a Sakkwato, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta a Maris 2002. An yanke shi a kan Amina Lawal a Katsina, aka sallame ta a Satumba 2003. Babu ɗayansu da aka jefe. Mutum na farko da aka kashe da hukuncin kotun shari'a bayan dawowarta, Sani Yakubu Rodi, rataye shi aka yi a gidan kason Kaduna a Janairu 2002, kan laifin kisan kai. Yanzu ki ɗauka kun yi kwalin "jifa" kun zuba waɗannan mata biyu ciki. Wanda ya zo bayan shekara ashirin zai ƙidaya su cikin waɗanda aka jefe.

Wannan ba zato nake yi ba. A farkon aikina, a wani ofishi da ba sai na ambata ba, na shirya wasu tsoffin takardu bisa hanyar kisa, na sa sunan wani mutum ƙarƙashin harbi saboda haka hukuncin ya ce. Bayan shekaru wani saurayi ya zo neman labarin kakansa, ya ga sunan a nan, ya zauna ya yi shiru. Daga baya muka gano takardar afuwa a wani kwali daban. An sassauta wa tsohon, ya yi zaman kaso, ya fito, ya rasu a gidansa. Iyalin sun san ya dawo, amma yaron ya fara tunanin ko ƙarya aka yi masa tun yana ƙarami. Tsarina ne ya jefa shi cikin wannan hali, kuma ban manta fuskarsa ba. Tun ranar kowane kati nawa yana da gurbin "ƙarshen lamari": an zartar, an sassauta, an sallama, ya rasu a tsare, yana jira, ko ba a sani ba. Hanyar kisa kuma gurbi biyu nake ba ta, wadda aka yanke da wadda aka aikata. Na biyun sau da yawa wofi yake zama, kuma haka ya kamata ya zauna.

Game da sunayen hanyoyin, ku zauna rana ɗaya ku tsai da kalma ɗaya ga kowace, ku rubuta ku liƙa a bango. In wannan ya rubuta "harbi", wancan "bindigewa", wani ya sa kalmar Faransanci, kwamfuta za ta ɗauke su abubuwa uku. Fille kai ya zama uwa, takobi da gilotin su zama ƴaƴa, domin takobin Saudiyya da na haunin sarakunanmu na dā ba tarihi ɗaya suke da na'urar da Faransa ta yi amfani da ita na ƙarshe a Marsai a Satumba 1977 ba, kafin sokewar 1981. Iskar guba da jihar Nebada ta Amurka ta fara a 1924 da naitirojin na Alabama ma ki raba su ƙarƙashin uwa ɗaya.

Akwai kuskuren da ɗaliban shari'a kan yi, ina fata ku ba za ku yi ba. Ƙisasi, haddi da ta'aziri ba hanyoyin kisa ba ne, tushen hukunci ne. Ƙisasi haƙƙin magadan mamaci ne, suna iya yafewa ko su karɓi diyya, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta nuna. Hukuncin ɗan fashi mai tare hanya, wanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta zo da shi, haddi ne, magada ba su da ikon ɗage shi. Wannan bambanci shi ke nuna wa ke da ikon ceton ran mutumin, kuma ya fi sanin da me aka kashe shi muhimmanci nesa ba kusa ba. Ku ba shi gurbinsa, kusa da gurbin laifi.

Sai iyaka: me zai shiga tarin, me ba zai shiga ba. Harbin shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999 harbi ne, amma ba hukuncin kisa ba ne, babu kotu babu tuhuma. Abin da rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi Bule da Shanuwan ta yi wa Birnin Ƙonni a 1899 kisan kiyashi ne. Kisan da sojoji suka yi wa Buzaye a Cintabaradan a 1990, da ɓarawon da jama'a suka yi wa taron dangi a kasuwa, duk wajen wannan tari suke. Kin ga wata illar bin hanyar kisa: kwalin "harbi" zai haɗiye su duka, ya ba su rigar shari'ar da ba su da ita. Ku buɗe musu tari daban, sun cancanci a adana su, amma da sunansu na gaskiya.

Tsakanin biyun akwai wuri mai duhu. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas an rataye su a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995, zamanin Abaca, bayan zaman wata kotu ta musamman da duniya ta yi tir da ita. Ni ina shigar da irin wannan, tunda akwai kotu da doka ko da gurguwa ce, sai in rubuta irin kotun a kati: ta farar hula, ta soja, ta musamman, ta shari'a, ta sarki. Mai karatu ya gani ya yi nasa hukuncin. Na san abokan aiki da ba su yarda da ni a nan ba, suna ganin shigar da shi wanke azzalumi ne. Hujjarsu tana da nauyi. Amma in muka fitar da duk shari'ar da ba ta yi adalci ba, za mu fitar da ainihin takardun da ke nuna yadda ake amfani da hukuncin kisa a kan abokan hamayya, kuma su ne ɗalibin shari'a ya fi buƙatar gani.

Ƴan'uwanki masu son hanyar kisa ba su yi hasara gaba ɗaya ba. Akwai takardun da batunsu hanyar ce ita kanta: tarihin gilotin, muhawarar likitoci kan allura, yadda aka fara kujerar lantarki a jihar Niyok a 1890. Waɗannan ba na ƙasa ɗaya ba ne ko kuma ƙasar ba ita ce zancen ba, sai ku yi musu ƙaramin sashe nasu. Haka yarjejeniyoyin duniya, irin ƙarin yarjejeniya ta biyu ta 1989 mai neman sokewa, da ƙudurin dakatarwa da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara zartarwa a Disamba 2007. Shi kuma mai son gama biyun, ku ce masa ya jira takardu su nema da kansu. In cikin kwalin wata ƙasa takardun hanya ɗaya suka taru har suka wuce ashirin ko talatin, suna hana ganin sauran, a lokacin ne za a ware musu gurbi. "Allura a Amurka" zai samu nasa da wuri. Na Nijar bai taɓa buƙata ba.

In kuna da littattafai da za su hau kanta, lambar hukuncin kisa a tsarin Diwi, na jera littattafai a ɗakin karatu, ita ce 364.66, kuma ana ƙara mata lambar wuri a baya, don haka littattafan ƙasa ɗaya za su jeru kafaɗa da kafaɗa, daidai da kwalayenku.

Abu biyu kafin ku fara. Hotunan gawa da na wurin kisa ku sa su cikin ambulan a rufe a bayan kwali, kada su zama abin da mai buɗewa zai fara cin karo da shi, domin wata rana ɗan mamacin ne zai buɗe. Sannan a gurbin adadi, ku bambanta sifiri da rashin sani. Nijar a 2024 sifiri ce, ba a kashe kowa ba. Sin kuwa tana ɗaukar adadin a matsayin sirrin ƙasa, shi ya sa mutum 1,518 da Amnesty ta ƙidaya a 2024 ba su haɗa da nata ba. A gurbinta ku rubuta "ba a bayyana ba" da haruffa, kada ku bar shi wofi, don kwamfuta in ta zo tarawa sifiri za ta ɗauke shi.